A Gaya wa Mutumin Karaye

Ni ɗan fari ne, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zuba masa ido, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta yi masa magana kai tsaye muddin akwai wanda za ta aika. Kunya ake ce wa abin. Kakanninmu sun bar tsafi sun karɓi bishara tun ba a haifi mahaifina ba, suka fasa tukwanen giya, suka gina majami'a da hannunsu a 'yar unguwarmu da ke gefen Ruwan Bago a ƙasar Rogo, amma wannan al'adar babu wanda ya taɓa ta. Maƙwabtanmu Musulmi suna yi, mu ma muna yi, sai dai wata uwar ta fi wata tsanani. Tawa uwar, wadda muke ce wa Inna, ban ga wadda ta kai ta ba.

Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Turawa, can ƙasar Karaye, a can na yi wayo. Da na dawo gida ina ɗan saurayi, sai Inna ta samu abin da za ta riƙa kirana da shi. "A gaya wa mutumin Karaye ruwan wanka na nan." "A tambayi mutumin Karaye ko ya ɗaure awaki." Ina zaune a gabanta, ƙafata kusan tana taɓa tabarmarta, sai ta juya wajen ƙanwata ta ce a gaya min. Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa, ni da autar nan, kuma auta 'yar neman magana ce. Sai ta juyo ta maimaita min saƙon kalma da kalma, har da kwaikwayon murya. In na ce, "Ke, ai na ji," ta ce, "Ni dai aiko ni aka yi."

A lokacin abin bai taɓa damuna ba. Na san in an yanka kaza, tsokar da ta fi kyau tana can ƙarƙashin tuwona a ɓoye, kuma ba kazar ce ta kai kanta wurin ba. Shirun Inna shiru ne mai ɗumi, na saba da shi kamar yadda mutum yake sabawa da ɗakinsa.

Da mahaifina ya rasu, gona ta dawo kaina. Da damina ina gida, da rani kuma in tafi bakin dam a Karaye aikin lambu: jan tiyo, ban ruwa, ɗaukar kwandunan tumatir daga cikin fadama zuwa inda mota take tsayawa. Ni mutum ne mai zafin zuciya da son a ce na fi kowa, har yau ban gama rabuwa da halin ba. Akwai wani da muke aiki tare, siriri ne, bai fi ƙarfin in ɗaga shi da hannu ɗaya ba, amma kullum sai ya ninka ni kwanduna. Abin ya tsaya min a rai. Da na matsa masa, sai ya yi dariya ya ciro wata 'yar ƙwaya daga aljihu, ya ce maganin gajiya ne kawai. Ranar na ɗauki kaya har mai lambu ya tsaya yana kallona, ni kuwa ina jin daɗin kallon.

Ba zan ja labarin ba, duk wanda ya san ƙwaya ya san hanyarta. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama tafin hannu. Da farko ina sha don in yi aiki, daga baya ina aiki don in sha, a ƙarshe aikin ma ya gagara. Na sayar da wayata, na sayar da kekena, na sayar da akuyar da kakata ta ba ni. Na daina zuwa koyon waƙa a majami'a, ni da nake riƙe wa mawaƙa ganga. Idona ya canja, wuyana ya zama kamar na zakara. Inna tana gani, ba ta ce komai ba. Tun da can ma ba ta cewa, don haka na ɗauka ba ta lura ba.

Inna tana da irin gyaɗa nata na kanta, 'yar ƙarama mai jar riga, mai yawan mai. Daga ɗakin uwarta ta zo da shi ranar da aka kawo ta amarya, kuma tun daga nan bai taɓa yankewa a hannunta ba. Duk kaka sai ta zauna ta tsince wadda ta fi ƙoshi, ta shanya ta bushe ƙarau, ta zuba a wata babbar tukunya da ɓawonta, ta barbaɗa toka, ta kife kasko a baki ta shafe da laka. Tukunyar tana kusurwar ɗakinta har damina ta zauna. An yi shekarun da muka ci tuwo babu miyar kirki, amma ba a taɓa ɓare ko ƙwara ɗaya daga cikinta ba.

Wata ranar taron zumuntar mata, Inna da auta suna majami'a, jikina yana ciwo kamar ana sara min ƙashi, na shiga ɗakin na ɓalle lakar. Na juye gyaɗar a buhu, na cika tukunyar da yashi da tsohon ɓawo don ta yi nauyi, na kwaɓa laka na shafe bakin yadda na same shi. Na kai kasuwar Rogo na sayar wa masu ƙuli-ƙuli. Irin da ya fi ni shekaru a gidanmu, a kasko ya ƙare, kuma abin da na samu bai kai ni kwana uku ba.

Da ruwa ya zauna, Inna ta kira mata huɗu su taya ta ɓarar iri, kamar yadda suke yi wa juna kowace shekara. Ina zaure a kwance, ina jin komai. Na ji an mirgino tukunyar tsakar gida, na ji an fasa lakar, na ji hirar ta tsaya cak. Can sai na ji muryar Inna, ba ta ko rawa: "Ashe ɓera ya riga mu." Duk matan nan sun san ɓera, kuma babu wadda ta taɓa ganin wanda yake kwaɓa laka ya rufe tukunya bayan ya gama ci.

Kafin Lahadi magana ta gama unguwa. Dattawan ikilisiya suka kira ni, fasto ya tambaye ni a hankali, ni kuwa na amsa da tsawa, kamar su ne suka yi min laifi. Na ce e, ni ne, sai me? Aka sa ni horo. A majami'armu akwai wani benci a can baya, jikin ƙofa, wanda aka sa horo a nan yake zama. Ba ya waƙa da mawaƙa, ba ya karatu a gaba, kuma in an zo Jibin Ubangiji ana zagawa da gurasa da 'yan kofunan zoɓo, a tsallake shi. Da ina ɗan saurayi mukan leƙa mu ga wa ke kan bencin mu je mu yi gulma. Ban san ana ajiye min wuri ba.

Kwana biyu da fasa tukunyar, wata tsohuwa ta yi sallama a gidanmu, matar malamin unguwar tsallaken rafi, ƙawar Inna tun suna amare. Suka gaisa, aka tambayi malam, aka tambayi yara, aka tambayi ruwa, har aka gaji. Sannan ta sauke ƙwarya daga kanta ta ture gaban Inna.

"'Yar'uwa, kayanki na dawo miki da shi."

"Wane kaya kuma?"

"Kin manta shekarar da gyaɗata ta ƙi, kika auna min daga tukunyarki? To jikokinsa ne waɗannan. Malam ya ce in gaishe ki, ya ce Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya."

Ba ta ambace ni ba, ba ta ko kalli zaure ba. Irin bai kai kwatan wanda na sayar ba, amma shi Inna ta shuka a gefen gona a shekarar, ita da auta. Ba a ce a gaya wa mutumin Karaye ya zo ba, ni ma ban je ba.

Wanda ya ɗauke ni daga zauren nan wani dattijo ne na ikilisiyarmu, mai ɗingishi, wanda muke ce wa Baba. Ranar Lahadin farko da na zauna a bencin baya, kaina a ƙasa, sai na ji benci ya motsa. Shi ne ya bar kujerar dattawa ya zo ya zauna kusa da ni. Ya raɗa min, "Matsa can, nan wurina ne. Shekara biyu na yi a nan saboda burkutu, kai ba a ma haife ka ba." Bayan sujada ya ce in ɗauko tabarmata in koma gidansa.

Wata huɗu na yi a gidan Baba. Makonnin farko ba na son tuna su: zufa, amai, hamma, hawaye ba na kuka ba, ƙafafu suna harbawa su kaɗai. Na zage shi, zagin da ko sa'ana ban taɓa yi wa ba. Shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa yana saƙar zana, in na gaji ya ce, "Ka gama? To sha kunu." Ya kai ni asibiti a bayan babur ɗin ɗansa, ya karɓo magani, shi yake ba ni da hannunsa. Sau ɗaya na gudu na koma bakin dam na sha na bugu. Kwana biyu sai ga shi da sandarsa, ya same ni kwance a ƙarƙashin mangwaro. Na jira faɗa. Ya ce, "Tashi mu tafi, kunu yana hucewa." A hanya na ce masa ya bar wahalar da kansa, ni na riga na lalace. Ya ce, "To da wa kake tsammani Almasihu ya hau gicciye dominsa? Masu lafiya? Ɗana, ai lalatattu ya zo nema. In ka gyara kanka tukuna sannan ka zo, me ka bar masa ya yi?"

Na ji maganar, har ta ɗan shige ni. Amma akwai abin da ya tokare min ƙirji, kuma ba fasto ba ne, ba dattawa ba ne, ba ma bencin ba ne. Inna ce. Kullum da rana auta takan kawo min tuwo a gidan Baba ta ce, "An ce a kawo maka." Sai dai tuwo ba shaida ba ne, Inna ko mahaukaci ne ya ratsa ta ƙofar gida sai ta zuba masa. Nakan tambayi auta, "Me take cewa a kaina?" Ta ce, "Yaya, ba ta cewa komai." To da ma ba ta cewa komai. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni. Uwar wani in ta yi fushi da ɗanta sai ta daina yi masa magana, ya gane. Ni tawa ta ina zan gane? Shirun da na sani mai ɗumi da shirun uwar da ta cire ɗa daga ranta, daga waje kamarsu ɗaya. Daga bencin baya ina hango bayan kanta a layin zumuntar mata, ɗankwalinta a ɗaure tsaf, ba ta taɓa waiwayowa ba. Da can ma ba ta waiwaya. Sai in zauna sujada ta ƙare ban ji wa'azi ba, ina ta karatun ƙeyar uwata.

Da na koma gida bayan kaka, na yi niyyar in gama da abin. Na same ta tana tankaɗe, auta tana wanke-wanke. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, na yi miki laifi. Ki gafarta mini." Hannunta ya tsaya a kan rariya. Sai ta miƙe ta nufi murhu, ta ce wa auta, "Ki ce masa ya tashi, ƙasa da sanyi." Nan zuciyar tawa ta tashi. Na miƙe na ɗaga murya a kan uwata, abin da ban taɓa yi ba ko ina cikin maye. Na ce, "Ni ba ɗanki ba ne? Ki zage ni mana! Ki mare ni! Ki ce kin tsine min in san inda na tsaya!" Ta shige ɗaki ta saki labule. Auta ta kalle ni da kumfa a hannu ta ce, "Yaya, ka zo neman gafara ne ko ka zo ƙarin laifi?" Na fita ina jin kunyar da ta fi ta tukunya.

Wajen bikin Ista dattawa suka ce horona ya cika. Ranar Lahadin fasto ya kira ni gaba, na tsaya na faɗi abin da na yi da bakina, ya yi addu'a, ya ce ikilisiya ta karɓi ɗanta. Mata suka rangaɗa guɗa, maza suka zo suna ba ni hannu, Baba yana share ido da hularsa. Ni kuwa wuri ɗaya nake kallo. Wurin zaman Inna babu kowa, ta sulale ta fita tun da aka kira ni. Na san ko ranar aurena haka za ta yi, uwa ba ta zama a taron ɗan fari. Na sani sarai. Amma sani daban, abin da zuciya take faɗa daban, kuma tawa cewa take yi: ta fita ne don ba za ta iya kallon ɓarawonta ba. Aka zago da gurasa da kofi, wannan karon ba a tsallake ni ba. Na karɓa na sha, ban ji komai ba sai tsamin zoɓo.

Na faɗa wa Baba haka da yamma. Na ce in wadda ta haife ni ba ta karɓe ni ba, ta yaya zan tabbata wanda ya halicce ni ya karɓe ni? Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai dai so kake Allah ya aiko maka da takarda da hatimi. Gafararsa ba ta jiran uwarka, ɗana, an gama wannan tun a kan gicciye. Amma na san ciwonka. Je ka gyara gona, damina ta kusa."

A ranin nan aka yi bikin auta, aka kai ta wani ƙauye gaba da Rogo. Gida ya rage daga ni sai Inna, babu ɗan aike. Abin dariya abin tausayi. Sai ta fito tsakar gida ta ce wa iska, "Ga tuwo nan a rufe." Ko ta tsaya kusa da turke ta ce, "Awakin nan dai ba su sha ruwa ba." Ni ma in ce wa bango, "An tafi gona." Haka muka yi wata biyu, mutum biyu a gida ɗaya kowa yana magana da katanga.

Ran da aka kwana ana ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙu har ƙasa, na fito da safe na tarar ta riga ta ɓare iri ita kaɗai. Wanda ta samu daga 'yar shukar bara ne, jikokin na ƙawarta, ya cika ƙwarya guda. Ta ɗora ƙwaryar a ka ta ce wa ƙofar gida, "Yau dai shuka." Na ɗauki sungumi na bi bayanta.

Shukar gyaɗa aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba da sungumi yana sara rami, ɗaya yana biye da ƙwarya yana jefa iri yana binnewa da diddige. A gidanmu namiji ne yake sara, Inna ce take riƙe iri, ko mahaifina bai taɓa karɓar ƙwaryar daga hannunta ba. Kuma ba ma fara shuka sai an yi addu'a a bakin gona. Da mahaifina ne yake yi, bayansa auta ce, don ita ce mai baki. Muka tsaya a kan iyaka, rana ta ɗan fito, ƙasa tana ƙamshi. Na jira, ita ma ta jira. Can sai ta sauke ƙwaryar, ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ba ni baya. Na durƙusa a bayanta, sungumi a hannuna.

Ta fara yadda kowa yake farawa. Ta gode don ruwa, ta gode don kwanan lafiya, ta roƙa wa irin albarka, ta roƙa wa maƙwabta, har da malam da iyalinsa. Na buɗe baki zan ce amin, sai na ji ba ta gama ba.

"Ya Uba, ga mutumin Karaye nan a bayana. Ka san ba ni da bakin yi masa magana, haka na tarar, haka aka rene ni. Wadda nake aika ta tafi gidanta. Ba ni da ɗan aike yanzu sai kai, in za ka yarda tsohuwa ta aike ka."

Na ɗago kai na dubi bayanta.

"Ka gaya masa ranar da na buɗe tukunya, ba gyaɗa na yi wa kuka ba. Tun kafin in fasa na ga sawun yatsunsa a jikin lakar, na ga hannun da ya shafe ta rawa yake yi. Shi na yi wa kuka. Ka gaya masa abin da ya ɗauka, kai ka riga ka biya da jinin Ɗanka, wace ce ni da zan riƙe abin da ka saki? Na sake shi tun ranar, bakina ne ya kasa."

Na ji tana jan numfashi. Da ta ci gaba muryar ta karye, abin da ban taɓa ji ba, ko ranar da aka binne mahaifina.

"Ni ma ina da nawa, Uba. Na ga idon yaron nan ya canja tun rani biyu kafin tukunya. Na gani da idona. Na ce kunya, na ce ba a yi, na ja bakina na yi shiru yana nutsewa a gabana. Mutane sun sa shi a bencin baya, ni ba wanda ya sa ni, amma ka san tare ya kamata mu zauna. Ka gafarta mini. Shi ma ka ce masa, in zai iya, ya gafarta wa uwarsa. Ka ce masa shi ne na fara ɗauka a bayana, kuma ban taɓa sauke shi ba. A cikin sunan Ɗanka Mai Cetonmu."

Amin ɗin ya ƙi fita. Na kifa goshina a kan ƙotar sungumi ina kuka irin na yara, da majina da komai, ƙato da ni, a bakin gona da safe, masu wucewa a kan keke suna rage gudu. Duk abin da fasto ya faɗa, duk abin da Baba ya yi ta nanata min a bakin ƙofarsa, sai a lokacin ya sauka daga kaina ya shiga cikina. Na yi shekara ina tsammani ni kaɗai ne fasasshe a gidanmu, ina jiran mai lafiya ta yanke min hukunci. Ashe mu biyu ne a durƙushe, kuma wanda muke gabansa bai kori ko ɗaya ba.

Na so in ce mata abubuwa da yawa. Na so in kira ta, in ce Inna, ki juyo. Amma na ga in na yi haka na ƙwace mata ɗan abin da ya rage mata na sutura, bayan duk wanda ta tuɓe a gabana. Sai na share fuska na ce, da muryar da ban gane tawa ba ce, "Ya Uba, ka gaya mata na ji. Ka gaya mata babu komai a raina. Amin."

"Amin," in ji Inna.

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta kakkaɓe zaninta, ta fyace hanci da bakin mayafi. Na miƙe ni ma, na gyara riƙon sungumi zan shiga gaba kamar kullum. Sai ta miƙo hannu ta baya, ba ta dube ni ba, ta kama ƙotar ta zare daga hannuna. Ta sa ƙafa ta ɗan turo ƙwaryar irin wajena, ta ce wa gonar, "Yau ni zan sara."

Na tsaya ina kallon ƙwaryar. Iri ke nan gaba ɗaya, babu wani a gida, babu wani a tukunya, in wannan ya salwanta shi ke nan. Na sunkuya na ɗauka da hannu biyu. Hannuna yana rawa, amma ba irin rawar da ba.

Ta shiga gaba, tsohuwa da sungumin da ya fi ta tsawo, tana sara tana takawa, ramukanta ba su kai nawa zurfi ba kuma layin yana ɗan karkacewa. Ina biye ina jefa bibbiyu ina binnewa da diddige. Muka kai ƙarshen kunya muka juyo, muka sake kaiwa muka juyo, har rana ta take tsaka. Ƙwaryar tana hannuna tun daga ramin farko har na ƙarshe, kuma ko sau ɗaya Inna ba ta waiwayo ta duba abin da nake yi da ita ba.